Sanduna Bakwai a Shingen Doña Eulogia

Ovidio Baltodano ya ci kuɗin daji, ya ci dajin, sannan ya so ya ɗora wa tsohuwa laifin. Ba a bayan idonsa nake faɗin wannan ba. Na faɗa masa a cikin garkensa yana riƙe da bokitin madara. Kuma compadre na ne, ni na riƙe 'yarsa Dinia a coci ranar da aka yi mata baftisma. A wurinmu babu zumuncin da ya fi wannan nauyi. Mutum zai zagi ƙanensa da safe su ci abinci tare da rana, amma compadre ba a ɗaga masa murya. Na san haka sarai, na kuma faɗa.

Iyayenmu ne suka aske tuddan Pilas Viejas tas saboda shanu. Ina yaro babu inuwar da za ta ɓoye jaki daga gindin tudu har ƙolinsa, kuma da an shiga watan Maris sai idon ruwan da ke saman ƙauye ya ƙafe, mata su gangara kogi da garewani. Da farashin nama ya faɗi, rabin maza suka tafi gonakin ayaba neman aiki, tudu ya fara mayar da kansa daji ba da izinin kowa ba. Daga baya gwamnati ta kawo tsarin biyan manomi don ya bar dajinsa a tsaye. Sharuɗɗan ba su da wuya: ka kewaye shi, kada ka sare, kada ka ƙona, kada ka yi farauta, kada saniya ta sa kofato a ciki. Sau ɗaya a shekara injiniya ta zo ta duba, sau ɗaya a shekara kuɗi su shiga banki gwargwadon faɗin dajinka. Ba kuɗin gina bene ba ne. Amma suna sa wa gida sabon kwano, su sayi magani, su kai mutum ƙarshen rani bai sayar da maraƙi ba.

Shekara goma sha tara ke nan ni ke kula da bututun ruwan ƙauye. Ina hawa idon ruwa sau biyu a wata da adda da filaya, in share ganye daga bakin tanki, in ɗaure inda ya tsage. Tun da daji ya dawo ban ga ranar da famfo ya yi shiru ba. Birai suna ruri da asuba a inda da babu ko tsuntsu. Ina da shinkafa da wake da safe, ina da gahawa, matata Zeneida tana da lafiya. Ba ni da ƙorafi a kan rayuwa, shi ya sa nake da lokacin lura da wanda ke neman ɓata ta.

Idon ruwan yana cikin filin Doña Eulogia, hekta goma sha huɗu, duk daji. Mijinta marigayi Don Crisanto ne ya kewaye shi da shinge mai rai, irin namu, inda ake kafa ɗanyen reshe ya kama ya zama itace, a buga masa waya mai ƙaya. Don Crisanto mutum ne mai tsanani, itacen madero kawai ya yarda da shi, kuma ya kafa su kusa da kusa, taki ɗaya tsakani, ko maraƙi ba zai ratsa ba. Shekara shida da rasuwarsa. Tun lokacin tsohuwar ba ta sake hawa tudun ba, gwiwoyinta sun ƙi. Shanunta uku ne, a ɗan fili bayan kicin, kowace da sunanta. Kuɗin dajin nan su ke riƙe ta a gidanta. 'Ya'yanta biyu maza suna San José, kuma duk Kirsimeti da magana ɗaya suke zuwa: a sayar da tudun ga masu shuka katako, ta dawo birni su ba ta ɗaki. Takan ce musu, "In dai daji na biyana, ba mai ɗaga ni daga nan." Sun riƙe wannan maganar kamar takardar kotu.

Makiyayar Ovidio ce ta jingina da shingen ta can saman tudu, inda hanyar bututu ba ta bi. Shanunsa sun haura arba'in. Shi ma yana da hekta tara a cikin tsarin, ta ɗaya gefen. A tsakiyar garkensa akwai itacen guanacaste, wanda ya rage shi kaɗai a duk ƙauyen, sauran kakanninmu sun mayar da su alluna da amalanke. Yana alfahari da itacen nan fiye da yadda yake alfahari da 'ya'yansa.

Ranin bara ya yi tsanani. Ciyawa ta zama toka tun Fabrairu. Kowa ya yi abin da ake yi: wasu suka rage garke, wasu suka sayi rake suna daddatsa wa shanu. Ni da kaina na sayar da bijimi ɗaya. Wata Asabar a kantin Nemesio muna zaune kan benci, sai Ovidio ya iso a kan dokinsa, hula a karkace.

Nemesio ya ce, "Ga wanda shanunsa ba su ji labarin rani ba. Don Ovidio, me kake ba su ne, ƙwai?"

Ovidio ya ce, "Addu'a. Ku kuna barci, ni ina yi musu addu'a."

"To ka yi wa nawa mana. Jiya iska ta kayar da ɗaya."

"Naka ai ba addu'a suke so ba, sabon mai gida suke so."

Aka yi dariya. Ya karɓi lemo mai sanyi, ya zauna kusa da ni, ya dafa mini gwiwa.

Ya ce, "Compadre, ka taɓa ganin gwamnati irin wannan? Ubana ya karya bayansa yana sare daji, ni kuma ana biyana in kwanta a gadon lilo in kalle shi yana girma."

Na ce, "Ba don kwanciya ake biyanka ba, compadre. Don riƙe alkawari ake biyanka."

"Ji shi! Rosendo, da ka yi karatu da yanzu kai ne fada a coci."

Na tashi na yi musu sallama. Amma na ga shanunsa a hanyar gida, kuma saniyar da ke cin toka ba ta sheƙi haka. Na yi zato. Zato ba shaida ba ne, ba na kuma ɗora wa mutum laifi da shi.

A ƙarshen Afrilu injiniya Yorleny ta zo dubawar shekara. Yarinya ce mai gaskiya, 'yar birni, takalmanta sun fi ƙafarta nauyi, amma ba ta gudun hawan tudu. Na raka ta zuwa idon ruwa kamar kullum. Sama da tanki da ɗan tazara, inda ni ba na kaiwa, sai ta tsaya. Kashin shanu ne ko'ina, busasshe. An tattake bakin ruwa, an cinye ƙananan itatuwa har guntu. Ta zaga shingen gaba ɗaya. A ƙarshen rani kowane itace tsirara yake, babu ganye, duk launin ƙura. Ta ga waya a miƙe, sanduna a jere, babu ɓaraka. Ta ɗauki hotuna, muka gangaro gidan tsohuwa.

Doña Eulogia na gasa tortiyar masara a kasko. Ta zaunar da mu, ta yanka mana cuku, ta zuba gahawa, tukuna ta yarda a yi magana.

Injiniya ta ce, "Doña Eulogia, shanu sun shiga dajinki. Ba kwana ɗaya ba, makonni."

"Shanun wa?"

"Shi ne ban sani ba. Shinge lafiya lau yake. Ƙofa ɗaya ce, ta ƙasa, kuma mabuɗin yana hannunki da na Don Rosendo."

Tsohuwa ta nuna taga da cokali. "'Yata, ga su can su uku. Waccan ta fi ni tsufa. Ki tura ta ta hau tudun nan, in ta kai rabi na ba ki ita."

Injiniya ta yi murmushi, amma ta buɗe jakarta. Ta ce takarda ba ta san wannan ba. Dajin na wanda ya sa hannu ne, amsa ma a kansa take. Za ta dawo ranar Talata ta biyu a watan Yuni. In ba a gano ta inda shanun suka shiga da mai su ba, dole ta rubuta abin da ta gani, kuma ofis zai soke yarjejeniyar.

Da ta tafi, tsohuwa ta juya tortiyar da ta ƙone, ta daɗe tana kallonta.

Ta ce, "Rosendo, ka taɓa ganin ɗakin da za su ba ni? Tagarsa bango take kallo. Bangon wani ma."

Na ce, "Ba inda za ki."

"Kai ne ofis?"

"A'a. Amma ni ma ina da ƙafa."

Na hau tudun sau biyu a satin. Na bi shingen ta ciki ina taɓa waya. Ban ga komai ba. Ta gefen Ovidio ƙasa a share take kamar tsakar gida, wanda shi ma abin lura ne, amma ba a kai mutum ƙara don ya yi shara. Labari kuwa ya riga ya kai San José. Babban ɗan tsohuwa ya bugo waya ya ce akwai mai saye da zai zo ganin fili a Yuli. Shi Ovidio har gida ya je ya jajanta mata, ya kai mata ƙwaryar lemun zaƙi, ya ce tsufa ne, mutum kan manta ƙofa a buɗe. Wannan ziyarar ce ban yafe masa ba, fiye da shanun.

Ranar sha biyar ga Mayu aka yi bikin San Isidro, waliyyin manoma. Aka kawo shanu da dawaki da kaji bakin coci fada ya yayyafa musu ruwa. Ovidio na cikin huɗun da suka ɗauki waliyyin a kafaɗa, da farar riga, fuska a natse. Kafin a gama cin abinci hadari ya haɗo, ruwan farko ya sauko. Mutane suka tsaya a cikinsa suna dariya, mai marimba ya ja kayansa ƙarƙashin rumfa ya ci gaba da kiɗa. Ruwa ya yi sati biyu yana zuwa kowace yamma. Duniya ta yi kore.

A farkon Yuni laka ta toshe bakin tanki, na hau in share. Da na gama sai na ƙara gaba zuwa inda shanun suka yi ɓarna, don in ga ko ƙasa ta fara warkewa. A nan na ga abin. Kowane tarin kashin shanu ya zama ɗan lambu. Tsirrai biyar, takwas, goma a wuri ɗaya, tsawon yatsa, da ganye siriri kamar gashin tsuntsu. Na durƙusa na tona ɗaya, ƙwayar na manne a gindinsa, ja mai duhu da zobe a jiki. Duk wanda ya tashi a nan ya yi wasa da ita yana yaro. Guanacaste ne. A Maris da Afrilu yake zubar da 'ya'yansa masu kama da kunne, shanu suna son su kamar alewa, ƙwayar kuma ba ta narkewa a ciki, tana fita ta jira ruwa. Shanun Doña Eulogia ba su taɓa ganin itacen ba. Ɗaya ne a ƙauye, kuma kowa ya san garken da yake.

Na miƙe na duba gaba. Lambunan nan a jere suke, ɗaya bayan ɗaya, suna hawa tudu kamar an shuka su da igiya. Na bi su. Suka kai ni shinge, daidai bayan wani ƙaton dutse.

Madero duk ya yi ganye, baƙin jiki, kore mai duhu, dama da hagu iyakar gani. A tsakiya kuma sanduna bakwai ja jawur, fatarsu na ɓarewa kamar ta baturen da rana ta gasa. Itacen jiñote ne. An shafe su da laka da kashin shanu don su saje da sauran, da rani kuwa sun saje, ni kaina na wuce su sau biyu. Ruwa ya wanke su. Kuma duka bakwai sun kama, kowanne da sabon toho a ka. A gindinsu na tona na sami kututturen madero bakwai da aka sare daidai da ƙasa aka rufe da turɓaya.

Don Crisanto bai taɓa kafa jiñote ba, cewa yake itacen malalata ne. Gidan Baltodano kuwa da shi suke shinge tun kakansu. Na leƙa ta kan waya, ga shingen Ovidio can yana gangarawa, ja, kuma a itatuwan farko ana ganin inda aka datse rassa kwanan nan.

Na zauna a kan dutsen na ci abincina. Ban yi murna ba. Da wani ne da na sauka kai tsaye na bugo wa injiniya waya. Amma compadre yana da haƙƙi ɗaya a kaina, ya ji daga bakina kafin ya ji daga wani.

Na same shi washegari da safe yana tatsa, a ƙarƙashin guanacasten.

Ya ce, "Compadre! Ka zo daidai. Zeneida na son cuku? Jiya aka matse."

Na ce, "Ba cuku ya kawo ni ba. Ka sare madero bakwai a shingen Don Crisanto, ka kora shanunka cikin dajin tsohuwa wata biyu, ka toshe da jiñote, ka shafa laka. Sannan ka kai mata lemo."

Ya ajiye bokitin a hankali. "Compadre, da ni kake?"

"Babu wani a nan sai shanu, su kuwa ba su san sharaɗi ba."

"Wa ya gan ni?"

"Ba wanda ya gan ka. Shanunka sun shuka hanya tun daga ruwa har shinge."

Na buɗe hannu na nuna masa tsiron. Ya kalle shi, ya kalli itacen da ke kansa, ya yi wata 'yar dariya.

Ya ce, "Dawaki ma suna cin 'ya'yan nan. Na kowa. Kuma jiñote ai a bakin hanya yake, duk mai adda zai iya datsa. Ka je ka faɗa, mu ga wa zai yarda." Sai ya sassauta murya. "Rosendo, shanu arba'in. In bar su su mutu ina kallon kore ta kan waya? Tsohuwar nan ma ai hutu ne a gare ta ta koma wurin 'ya'yanta. Kai ne ka riƙe Dinia. Za ka tozarta uban yarinyar da ka riƙe?"

Na ce, "Don na riƙe ta ne na zo nan tukuna. Injiniya na zuwa Talata. Ka riga ta, ka je ofis ranar Litinin ka faɗa da bakinka, zai zo maka da sauƙi. In ba ka je ba, ni zan kai ta wurin."

"In na tumɓuke su fa?"

"Sai ɓaraka ta buɗe, ga kututture bakwai a ƙasa. Ka zaɓa."

Bai je ofis ba. Bai kuma tumɓuke ba. Na san ba zai iya ba. Ovidio zai yi ƙarya ga fada, amma hannunsa ba zai cire sandar da ta kama ba.

Zeneida ta ce mini, "Yanzu ka rasa compadre."

Na ce, "Shi ya rasa kansa tun Fabrairu."

Ta ce, "To, ka ci abinci dai, wa'azi ba ya cika ciki."

Ranar Talata Doña Eulogia ta ce ƙafarta ƙafar injiniya. Aka yi ta ba ta haƙuri, ta ƙi. Nemesio ya kawo tsohuwar goɗiyarsa, muka ɗora ta, ni na ja linzami. Duk hanya tana faɗa da dabbar, tana kuma gaishe da itatuwa kamar waɗanda suka dawo daga tafiya. "Wannan fa! Da na bar shi bai kai ƙuguna ba." Injiniya ta aika a kira Ovidio a matsayin maƙwabci. Muka same shi a bakin shinge, ta gefensa, ya jingina da doki.

Na nuna tsirran, na nuna kututturen, na nuna sandunan da rassan da aka datse. Injiniya ta ɗauki hoton kowanne. Sannan ta juya wurinsa.

Ovidio ya ce, "Injiniya, ni ma abin ya ba ni mamaki. Wani ya shigo makiyayata, ya datse mini itace, ya yi wannan aika-aikar. Masu wucewa da shanu zuwa kasuwa suna da yawa da rani. Ni aka fi cuta ma."

Ta ce, "Kana da shanu a wannan makiyayar a Maris?"

"Wani lokaci. Ba na kwana da su."

Ta ciji biro. Na ga abin da take tunani. Ta yarda da ni a zuciya, amma takarda na son fiye da haka, kuma mutumin na da bakin da zai kai maganar shekara guda ana jayayya, Yuli kuwa saura sati uku.

Doña Eulogia ta gyara zama. Ta sa na matsar da goɗiyar kusa da sandunan. Ta miƙa hannu ta shafa ɗaya, ta taɓe baki.

Ta ce, "Na yarda da Don Ovidio. Ba shi ba ne."

Na juyo ina kallonta.

"Na san uban yaron nan, na san kakansa. Baltodano ba ya irin wannan aikin. Dubi yankan, kamar an yi da haƙori. Wannan ɗan birni ne, ko mashayi. Ko duba wata bai yi ba. Na rantse a sabon wata ya datse su, ruwa cike a jikinsu. Kafin Satumba duk sun ruɓe."

Injiniya, da zuciya ɗaya, ta ce, "Ai dama a makaranta an gaya mana maganar wata camfi ce. Kuma irin wannan kafin gaggawa ba ya ɗorewa. Zan rubuta a sake su duka."

Wuyan Ovidio ya yi ja kamar sandar. Ya saki linzami.

Ya ce, "A sake me? Camfi? Doña Eulogia, ki sa tabarau! Wannan yankan sara ɗaya ne, a karkace, don ruwa ya zame. Kwana uku bayan cikar wata aka datse su, yana raguwa, aka jingina su a inuwa sati guda kafin a kafa. Bakwai aka kafa, bakwai suka kama. A nuna mini ɗan birnin da zai kafa bakwai a ƙasar Afrilu su kama duka!"

Can ƙasa biri ya yi ruri.

Injiniya ta ce, "A inuwar ina aka jingina su, Don Ovidio?"

Ya cire hula, ya share goshi, ya mayar.

Doña Eulogia ta ce, "Sun kama kam, ɗana. Aiki ya yi kyau. Ubanka zai ji daɗin yankan. Sauran ne ba zai ji daɗi ba."

Nemesio ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa.

Da busassun sanduna ya kafa, matattu, da har yau ana ta zato. Suna nan jibge a bayan gidansa. Amma a nan ba wanda ke kafa mataccen ice alhali ga ɗanye kyauta, kuma ba wanda ke datsa sai wata na raguwa. Ya zauna ya tsara ƙarya daki-daki, hannunsa kuma ya yi aikin yadda aka koya masa. Na tambaye shi daga baya me ya hana shi mayar da maderon da ya sare. Ya ce ya yi girki da su, itace ne mai wuta.

Injiniya ba ta sauka ba sai da ta ratsa nasa dajin, ba ta hanyar da ya saba bi da ita ba. A wani kwari ta sami kwamin gishirin shanu da igiya a ɗaure a itace, shaidar nan ma ya sa shanu.

Mun gangaro da rana tsaka. Tsohuwa ta sa aka yanka kaza. Ta bugo wa babban ɗanta waya a gabanmu ta ce ya gaya wa mai sayensa kada ya ɓata mai. Yarjejeniyarta na nan, an ma sabunta ta a Janairu. Tsirran guanacasten ta hana a taɓa su. Yawanci sun mutu a inuwa, amma goma sha ɗaya a bakin fili sun tsaya, yanzu sun kai ƙirjina. Ina duba su duk hawa. Ruwa na zuwa. Dinia tana gaishe ni a coci kamar da, ni ma ina sa mata albarka. Ubanta yana ɗaga mini hula daga nesa, ina ɗaga masa, ba mu sake zama benci ɗaya ba.

An soke yarjejeniyar Ovidio Baltodano. An sa shi ya mayar da kuɗin shekara biyu, ya sayar da shanu goma sha biyu kafin ya iya. An hana shi shiga tsarin har shekara biyar. Kwamitin ruwan ƙauye ya sa shi ya sake shingen Doña Eulogia ta gefensa tun daga dutse har kwari, da hannunsa, da madero, taki ɗaya tsakani. A bikin San Isidro na bana wani ne ya ɗauki waliyyin.